Kakar da Ba Ta Shiga Babi na Biyu Ba

Duk wanda ya daɗe yana duba kundayen digiri a sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ya san yadda babi na biyu yake tafiya idan kundin ya shafi rayuwa da ayyukan wani marubuci. Za a kawo haihuwarsa da ƙuruciyarsa da neman iliminsa na allo da na boko, a gangaro kan aurensa da yawan 'ya'yansa, sannan a zo ga wani ɗan ƙaramin sashe a kan yadda ya fara rubutu. A wannan sashe ne akan ci karo da wata jimla da ta kusa zama hadda a wurin ɗalibanmu, wai marubucin ya tashi da son labari ne saboda tatsuniyoyin da kakarsa take yi masa da dare. Jimla ɗaya tak, sai a wuce zuwa jerin littattafansa. Ba a faɗin daga wane gari kakar ta fito, ko wace irin Hausa ce a bakinta, ko ta iya karatu, ko shekara nawa yaron ya yi a ɗakinta. Malamin firamaren da ya koyar da shi shekara guda yakan sami suna da sakin layi cikakke. Matar da ta riƙe shi shekara goma ko sunanta ba a ambata.

Ra'ayin da nake son gabatar wa 'yan uwana manazarta shi ne wannan jimla ta cancanci ta zama babi, kuma abin da ya hana ta zama babi shi ne mun yanke wa kaka hukunci tun kafin mu saurare ta. Mun ajiye ta a rukunin adabin baka, mun ajiye jikanta a rukunin rubutaccen adabi, mun ja layi a tsakaninsu, sannan muka ce abin da ya ƙetare layin bai wuce jigo da 'yan taurari irin su Gizo da Ƙoƙi ba. A ganina abin da ya ƙetare ya fi haka nesa ba kusa ba. Kuma idan za a bi sawunsa, birnin Katsina ne ya fi dacewa a fara, domin a nan ne ƙagaggen labarin Hausa na boko ya yi rarrafe.

A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman waɗanda za su shiga gasar ƙaga labari, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yayansa Malam Bello Kagara yana koyarwa a Kwalejin Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a wannan shekara ce ya kammala karatunsa a kwalejin. Ke nan uku daga cikin littattafai biyar da gasar ta haifar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, suna da igiyar da ta ɗaure su da wannan gari. A maƙalar da East ya buga a mujallar Africa a 1936 ya bayyana wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, domin a wurinsu ƙaga labari aikin mata ne da yara, bai kamaci wanda ya kai matsayin malami ba. Mun sha karanta wannan bayani a matsayin shaida a kan tsaurin ra'ayin malaman wancan zamani. Amma akwai wata shaida a cikinsa da ba mu cika ɗauka ba: malaman da kansu sun san a hannun wa sana'ar take. Sun san sun ji ta, sun san inda suka ji ta, kunyar ambatonta kawai suke yi.

Dubi dabarar da suka yi don su kauce wa wannan kunya. Ɓalewa ya sa labarinsa a bakin shehin malami yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Bello Kagara ya sa nasa a bakin mayaƙin da ya ga zuwan Turawa Kwantagora a zamanin Nagwamatse. Imam ya sa nasa a bakin matafiyi, da ya koma Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce kuma sai ya miƙa wa aku ragamar hira. Shehi ya sami gurbi, mayaƙi ya samu, matafiyi ya samu, har tsuntsu ya samu, ban da tsohuwar da ta koya musu yadda ake riƙe mai sauraro kada ya yi barci. Duk da haka ba ta ɓace ba. Sunan Ruwan Bagaja kansa daga ɗakin mata ya fito, daga tatsuniyar yarinyar nan da kishiyar uwa ta tura neman ruwan da ake zaton ba za ta dawo daga nemansa ba. Littafin da muke farawa da shi idan za mu koyar da tarihin zube yana ɗauke da tambarin tsohuwa tun daga bangonsa.

Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi aiki mai nauyi wajen gano tushen labaran Imam a cikin Alfu Laila da Maƙamatul Hariri da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Aiki ne da ya buɗe mana ido, ba kuma ni da abin cewa a kansa sai yabo. Sai dai bin sawun littafi ya fi sauƙi, domin littafi yana da suna da shekara da kantar da aka ajiye shi. Abin da ya rage shi ne mai wuyar: daga ina Imam ya samo yadda yake jan ba'a tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya kayar gobe wancan ya rama, babu mai fushin da zai raba su? Labarin yana iya zama na Bagadaza, amma numfashin jimlar da lokacin da ake sakin dariya ba a fassaro su daga ko'ina ba. Tun kafin Imam ma haka abin yake. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 malamai maza ne suka rubuta mafi yawansa da ajami, aka mayar da shi boko. Tatsuniyoyin sun iso mana, sunayen matan da suka yi wa malaman su suna yara kuwa sun tsaya a hanya.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi ita ce me ya sa kaka, me ya sa ba uwa ba. Amsar tana cikin tsarin gidan Bahaushe. Tsakanin iyaye da ɗa, musamman ɗan fari, akwai alkunya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane, uba kuwa umarni ne tsakaninsa da shi. Idan lokacin yaye ya yi, ɗakin kaka ake kai yaro, sau da yawa kuma yayen yakan zarce ya zama riƙo. A wannan ɗaki dokar magana takan juye. Kaka tana kiran jikanta namiji maigida ko ango, jikarta mace kuwa kishiya ce, ana yi mata gorin girki da na kwalliya. Kaka namiji yana kiran jikarsa amarya, yana yi wa jikansa barazanar ƙwace masa mata. Yaron da aka hore shi da kada ya mayar wa babba magana, a nan an ba shi izinin ya mayar, har ma ana zuga shi, idan ya kasa a yi masa dariya. A nan yake koyon habaici da zambo da gatse da kambamawa, ya kuma gane cewa ana iya faɗin abin da bai faru ba a gaban babba, babban ya san bai faru ba, maimakon bulala a ce masa ya ƙara. Wanda zai zama mai ƙaga labari yana bukatar irin wannan wuri, kuma a gidan Bahaushe na gargajiya ban san wani wuri da ya ba yaro wannan dama kamar ɗakin kaka ba. Wasan kaka da jika mun daɗe muna koyar da shi a darasin al'ada, ƙarƙashin wasannin barkwanci. Ban ga dalilin da zai hana shi shiga darasin salo ba.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan. Gabriel García Márquez na ƙasar Kolombiya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a hannun kakanninsa na wajen uwa, ya sha faɗa cewa muryar da ya rubuta babban littafinsa na 1967 da ita ta kakarsa ce, wadda takan ba da labarin abin al'ajabi fuskarta a ɗaure kamar tana faɗin farashin kaya a kasuwa. Bambancinmu da su shi ne manazartansu sun ɗauki maganar da gaske, sun binciki matar, sun san sunanta da asalinta.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da kaka ta bi ta kai jika ga alƙalami, wadda ban taɓa cin karo da ita a babi na biyu ba, alhali ina kyautata zaton da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ta nan suka biyo. Ina nufin rubuta wasiƙa. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, gidaje da yawa a cikin birni da ƙauyuka suka wayi gari da ɗan boko na farko a tarihinsu, kuma aikin farko da gida ya ba wannan yaro shi ne ya zama magatakardan tsofaffi.

Ni ma na riƙe wannan muƙami, a ɗakin kakata ta wajen uba, a wata unguwa ta cikin ganuwa ba nisa da hasumiyar Gobarau. Inna muke ce mata. Tana da ƙanwa da ke aure a Maraɗi, kamar yadda gidajen Katsinawa da yawa suke da dangi a can tun bayan da sarakunan Haɓe suka bar birnin a zamanin jihadi, zumunci bai yanke ba. Bayan sallar la'asar takan sa a shimfiɗa tabarma, ta ce, "Maigida, ɗauko alƙalaminka na Nasara." In ɓalle takarda daga tsakiyar littafin makaranta. Gaisuwa kaɗai takan ci rabin shafi, domin sai an ambaci kowa bisa girmansa, kuma idan aka sa ƙarami gaban babba to wasiƙar ta ɓaci. Sai an gama wannan take shiga maganar da ta sa aka zauna, ita ma ba kai tsaye ba. Idan tana son ta ce an daɗe ba a aiko ba, sai ta tambayi lafiyar hanyar Jibiya, ko ruwa ya cinye ta ne. Idan za ta ba da labarin rasuwa, sai ta fara da ambaton alherin mamacin, yadda mai sauraro zai shirya zuciyarsa kafin kalmar ta iso.

Babban aikin yana zuwa ne bayan na ajiye alƙalami, lokacin da za ta ce in karanta mata. Makaranta ta koya mana daidaitacciyar Hausa, ita kuwa Bakatsiniya ce ta gidi. Inda makaranta ta ce a rubuta uku, ita ukku ta sani. Inda littafi ya ce masa, ita mashi ta ce. 'Yarta ɗiya ce, kuma ba ta tarar da mutum, ishe shi take yi. Da ta ji an sauya mata kalma sai ta ɗaga hannu. "Wanga ba maganata ba ce, Maigida. In ta ji wanga, cewa za ta yi wani Bakano na aura." A goge a mayar mata da abinta. Wani lokaci kuma ba karin harshe ne damuwarta ba, nauyin kalma ne. Takan ce wannan ta yi zafi, a sassauta, ko wannan ta yi sanyi, ba za ta ji a jikinta ba. Takan sa a cire jimla ɗungurungum domin ta tuna cewa ba ƙanwarta ce za ta karanta da idonta ba, wani yaro ne zai karanta mata a tsakar gida, kishiyoyi suna ji. Tun ban san kalmar edita ba na zauna a gaban edita, kuma darussan da ta ba ni su ne waɗanda nake maimaita wa ɗalibai yau da sunaye masu nauyi: murya, da mai karatu na zahiri da na ɓoye, da abin da ake faɗa ta hanyar yin shiru.

Amsa takan zo bayan mako biyu ko uku a hannun direba. A can ma wani jika ne magatakarda, ɗan lakwal, wanda ya koyi haruffa da Faransanci. Shi yakan rubuta tch inda muke sa c, ya sa ou inda muke sa u, ya sa ch a gurbin sh. Kafin in gane cewa tchikin shi ne cikin sai da Inna ta sa na maimaita kalmar da ƙarfi har kunnena ya kama abin da idona ya kasa. Yara biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, kowanne da ƙa'idar rubutun da Turawan ƙasarsa suka bar masa, suna ɗauke da Hausa ɗaya tsakanin tsofaffi biyu. Masu nazarin tarihin ƙa'idojin rubutu suna da taron Bamako na 1966 da rahotannin Hukumar Harshen Hausa. Da za a sami irin waɗannan wasiƙu a ƙasan adakar wata tsohuwa, da sun ga yadda abin ya gudana a hannun talakawa.

Kada a ɗauka Inna ba ta san harafi ba. Ta yi karatun allo, tana karanta waƙoƙin wa'azi da ajami, kuma da ajamin jikin takardar naira take gane kuɗinta, irin rubutun da aka cire daga ƙananan takardun kuɗi a 2007. A gidan akwai gafakar mijinta, kakana, wanda ban riske shi ba, cike da warƙoƙi, ita ce kuma mai fito da su ta shanya idan damina ta wuce, ta kaɗe ƙura, ta mayar. A lissafin hukuma tana cikin waɗanda aka yi Yaƙi da Jahilci dominsu. Wannan kalma ta jahilci ta yi mana ɓarna a nazari fiye da yadda muke zato, domin ita ce ta sa ɗalibi ba ya ko tunanin tambayar marubuci abin da kakarsa take karantawa. A garin da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi rubutu tun ƙarni na 17, garin da har yau akwai unguwar Masanawa, zaton cewa tsohuwa ba ta da alaƙa da takarda sai an tabbatar da akasin haka zato ne da ya kamata a juya shi.

Daga nan ina da wani hasashe da nake miƙa wa masu neman batun bincike. Marubutan da suka cika kasuwa da littattafai daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda aka yi ta muhawara a kan sunan da ya dace da adabinsu, mafi yawansu 'yan wannan zubi ne na makarantun firamare da sakandare da suka yawaita a shekarun 1970. Duk wanda ya karanta littattafan soyayya na wancan lokaci ya san yadda wasiƙa ta yi kaka-gida a cikinsu. Mun saba danganta wannan da fina-finan Indiya da wasiƙun samari da 'yan mata da filayen gaishe-gaishe na rediyo, kuma duk suna da rabonsu. Amma kafin yarinya ta rubuta wa saurayi, da wuya a ce ba ta rubuta wa kaka ko gwaggo ba. A can ta fara sanin yadda ake shiga zuciyar wani a yi magana da bakinsa, wanda shi ne ainihin aikin mai ƙaga taurari. Hasashe ne, yana iya tabbata yana iya rushewa. Hanyar gwada shi a buɗe take, domin da yawa daga cikin marubutan suna raye, a Kano da Katsina da Funtuwa da Kaduna, tambayar ce kawai ba a yi musu ba.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin masu cewar suna da hujja. Za a ce wannan begen jiya ne aka yi wa rawani. Ba kowace kaka ce mai hikima ba. Akwai wadda ta ɓoye jikanta a rumbu don kada a kai shi makarantar boko, akwai wadda ta sa aka cire jikarta daga aji aka yi mata aure, akwai wadda ta cusa littafin soyayya a murhu. Haka ne, kuma wannan ma yana cikin abin da nake so a rubuta. Marubuciyar da ta koyi rubutu a ɓoye saboda tsoron kaka, ita ma kaka ce ta siffanta alƙalaminta, ta wata fuskar. Jimlar haddar nan ta babi na biyu tana zaluntar kakanni iri biyu: mai kirki ta rage mata daraja, mai tsanani kuma ta shafe ta gaba ɗaya, domin ba ta dace da hoton tsohuwa mai tatsuniya a farin wata ba. Za a kuma ce dubban yara sun kwana a ɗakin kaka, ƙalilan ne suka zama marubuta, saboda haka makaranta da karatun littattafai da samun mai bugawa su ne suka raba. Ban musa ba. Ba don Kwalejin Katsina da Hukumar Talifi ba, da Imam ya ƙare a matsayin mai daɗin hira a zaure. Su Sulaiman Ibrahim Katsina da Bature Gagare ma gasa ce ta fito da Mallakin Zuciyata da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Amma tarihin hukumomi da gasa an rubuta shi, an sake rubutawa, tun daga Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya a 1988 har zuwa yau. Ɗaya ɓangaren ne babu kowa a kansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta hanyar bincike. Tunanin ƙuruciya abu ne mai yaudara, marubuci kuma gwanin gyara labari ne, yana iya ƙaga wa kansa kakar da ta dace da sunan da ya yi. Maganin wannan shi ne abin da masana tarihi suka daɗe suna yi da ruwayar baka, wato a ji daga baki fiye da ɗaya. A tambayi yayyensa da ƙannensa, a je unguwar, a nemi takarda idan akwai. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman bai rubuta tarihin Katsina daga ɗakin karatu kaɗai ba, ya zauna da tsofaffi a garuruwa da ƙauyuka, ya auna maganar wannan da ta wancan. Abin da aka yi wa sarauta da yaƙi ana iya yi wa salo.

Muna da misalai biyu da ke nuna abin da ake samu idan an tsaya, da abin da ake yin asara idan ba a tsaya ba. Nana Asma'u ta rasu a 1864. Abin da ya sa muke da ayyukanta a haɗe yau shi ne zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun adana takardunta, har Waziri Junaidu, wanda shi kansa marubuci ne, ya buɗe wa Jean Boyd su, aka buga tarin a 1997 tare da Beverly Mack. Wannan gida ne na sarauta da ilimi, yana da halin adanawa. A ɗaya gefen akwai Baba ta Karo, talaka, wadda ba ta haihu ba amma ta riƙi 'ya'yan wasu. Da Mary Smith ba ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ba, da babu wanda ya san ta taɓa rayuwa, domin a 1951 ta rasu. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau da wuya a yi maganar rayuwar Bahaushiya ta farkon ƙarni na 20 ba a koma gare shi ba. Sama da shekara saba'in ke nan. Sassan Hausa sun yawaita, a jihar Katsina kaɗai akwai jami'o'i a birni da Dutsin-Ma, amma Baba ta biyu ba ta fito daga hannunmu ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Muƙamin magatakardan kaka ya fara rauni tun da kaset ya shigo, tsofaffi suka koma ɗaukar muryarsu suna aikawa. Da wayar hannu ta zo a 2001 sai ya mutu, yanzu kuwa kaka tana danna WhatsApp ta aika saƙon murya Maraɗi ko Makka, jika bai san an yi ba, in ma an neme shi to don ya sa mata kati ne. Ba kuka nake yi da wannan ba, ta sami 'yancin bakinta, babu mai mayar mata da ukku uku. Amma wata ƙofa da ta shigar da yara cikin rubutu ta rufe, kuma waɗanda suka bi ta cikinta sun fara furfura. Gidajen gado na cikin birni ana raba su, magada suna komawa sababbin unguwanni, gafaka da adaka su ne kayan da ba a faɗa a kansu ranar rabo. A yammacin jihar kuma, rashin tsaro ya taso tsofaffi daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da makwabtansu, wasu suna raɓe a gidajen dangi a cikin Katsina, sun baro abin da ba su iya ɗauka ba.

Abin da nake nema daga sassanmu ba ya bukatar kuɗin tallafi. Idan ɗalibi zai yi hira da marubuci, mai duba aikinsa ya tabbata takardar tambayoyin ta ƙunshi wanda ya yaye shi da wanda ya riƙe shi, da karin harshen wannan mutum, da abin da yake karantawa da kowane irin harafi, da ko marubucin ya taɓa rubuta wa wani babba wasiƙa, wane ne, kuma yaya ake gyara masa. Idan an naɗi tatsuniya ko waƙar daka ko ta raino daga bakin tsohuwa, a rubuta sunanta da unguwarta da shekarunta a cikin aikin, da izininta, kamar yadda ake rubuta sunan farfesa, a daina cewa wata tsohuwa. A bar mata Katsinancinta ko Dauranci ko Gobiranci yadda ta furta, daidaitawa ta tsaya a sharhin ɗalibi. Ɗaliban aji huɗu da ke yawon neman batu, a tura wasunsu gida su tambayi ko akwai tsofaffin wasiƙu, na boko da na ajami, a ɗauki hotonsu da waya a mayar wa masu su. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Bello Kagara ya koyar, Imam da Ɓalewa suka zauna a aji, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Idan an tara kwafin wasiƙun, can ya kamata a kai kashi ɗaya, sauran su zauna a ɗakunan karatun sassanmu inda ɗalibi na gaba zai iya buɗe su.